Gonar Baffa da Bijimin Auta

Zuwa ga Auta,

Ina gaishe ki, ke da yaran, da wannan mijin naki in ya farka. Mu nan birni lafiya lau, sai ɗan ciwon gwiwa da hawa benen ofis ya jawo mini, irin ciwon da ku ba za ku taɓa sani ba tunda ba ku da bene. Ragowar geron gonata ya iso ta hannun direban motar kasuwa. Na buɗe buhu na tarar da tsakuwa. Ki gaya wa mijinki gona na ba shi ya noma mini, ba wurin haƙar tsakuwa ba. Ba wai da geron muka dogara ba, ma'aikaci albashinsa yake ci, amma haƙƙi haƙƙi ne.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Direban ya ce wasu mutane sun shigo ƙauyenku da farar mota, sun bi gida-gida, sun ba kowace mace kuɗi masu kauri. Wai ba bashi ba ne, ba sharaɗi, kowa ya yi abin da ya ga dama. Na yi dariya har sai da na riƙe ciki. Wa ya taɓa ganin an ba talakan ƙauye kuɗi an ce masa je ka ka yi tunani? Da me zai yi tunanin? Kafin wata ya mutu za ku cinye su a nama da atamfa, ku dawo kuna miƙo mini hannu kamar yadda kuka saba. Kuma ki sani, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Masu farar motar nan za su dawo.

Kakana da kakan mahaifinki ciki ɗaya suka fito, kuma tun da mahaifinki ya rasu ni ne babba a kanki, ko da dangantakar sai an zauna an lissafa. Don haka ki ƙulle kuɗin nan a tsumma ki ba direba ya kawo mini in ajiye miki. Ni na san inda ake sa kuɗi su haihu. Ban kira ki a waya ba domin maganar waya iska ce, takarda kuwa shaida ce.

Damina ta kusa. A fara sharar gonata kafin taku. Ga ƙunshin tsofaffin kayana nan na haɗo wa mijinki, akwai wando mai kyau a ciki.

Baffanki,
Akawu

*

Zuwa ga Baffa Akawu,

Gaisuwar ɗiya ga mahaifi, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. A gaida Innarmu da yara. Mu ma lafiya, mura ce ta zaga gidan ta wuce. Maigida yana gaishe ku. Ya farka, tun asuba yana gonarku yana tara kara yana ƙonawa.

Ƙunshin kaya ya iso, mun gode. Wandon dai ya riga ya gama aikinsa na duniya tun a birni, amma na yanke ƙafafun na samu tsumman goge fitila.

Labarin da direba ya kai muku gaskiya ne. Ni ma sai da na tsare matar da ta zo, na ce to mu me za mu ba ku? Ta ce ba komai. Na ce in na kwashe duka na sayi goro fa? Ta ce ai haƙoranki ne. Na kwana ina juya maganar, domin tunda nake ba a taɓa ba ni abu ba tare da an ɗora mini wa'azi a kai ba.

Maganar ajiya kuwa, Baffa, wasiƙarku ta tarar kuɗin sun riga sun yi ƙafa huɗu da ƙaho. Bijimi na saya. Matar maƙeri ta sayi ɗan'uwansa, matar wanzami ta sayi garma da amalanke, muka haɗa. Maigida ke kora su. Yanzu da rani yana jigilar taki da ruwa ana biyansa, in damina ta sauka kuma sai huɗa. Maƙwabciyata ta ɗauko injin niƙa, ya hana mu barcin rana amma ya hutar da mu daka. Wata ta cika bayan ɗakinta da kaji. Ba zan ce kowa ya yi hankali ba. Akwai wanda ya karɓe na matarsa ya sayi katifa da rediyo, yana nan kwance a kan ɗaya yana sauraron ɗayan.

Mu ukun mun yi ƙa'ida. In ruwa ya sauka ƙasa ba ta jiran kowa, kwana kaɗan take yi da laushi, don haka layi za a bi, wanda ya fara magana shi za a fara yi wa. Na roƙi abokan haɗina a sa gonarku a gaban layi, kuma ba za a karɓi komai ba, sun yarda. Aikin da yake karya bayan maigida da fartanya mako da makonni, shanu za su gama shi kafin rana ta take tsaka.

Taku,
Auta

*

Auta,

Lafiya muke. Gwiwa tana nan yadda take, kuma wasiƙarki ba ta ƙara mata sauƙi ba.

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Bijimi. Ke da ko akuya ba ki taɓa riƙewa ta shekara a hannunki ba, yau ke ce mai shanu. Kin san abin da sa yake ci a rana? Kin san kuɗin allurarsa? Ranar da ya kwanta ya miƙe ƙafa, ko ɓarayi suka kwance shi, ina so ki tuna akwai wanda ya ce ki kawo ajiya kika ƙi. Na faɗa wa abokan aikina labarin, wani ya ce ai dama kifin rijiya in ya ga kwatarniya sai ya ɗauka teku ne.

Wandon da kika yanka, da shi na shiga gaban manya. Amma ba shi ya ƙona mini rai ba. Layi ne. Ni za a sa a layi, a gonar da ubana ya sare da gatarinsa? Har kina yi mini albishir wai an sa ni a gaba, kuma sai da matar wanzami ta amince. Wato yanzu matar wanzami ce ke yanke hukunci a kan gonata. Shekara da shekaru ina rufa muku asiri, na bar mijinki yana noma ta yana cire kasonsa, ina tufatar da shi, ban taɓa jin an ce za a yi mini alfarma ba sai da baƙi suka watsa muku tsaba.

To ki buɗe kunne. Daga yau na karɓe gonata. Kada mijinki ya sake taka ta, kada bijiminki ya shinshina ta, kada garmar matar wanzami ta karce ko bakin iyakarta. Akwai masu roƙona gonar nan tun ba yau ba, zan zaɓi mai ladabi a cikinsu in ba shi. Idan kaka ta yi kuka duba rumbu ba ku ga kason da kuka saba ba, sai ku yanka bijimin ku ci.

Akawu

*

Zuwa ga Baffa Akawu,

Muna gaisuwa, muna lafiya. Saƙonku ya iso, na karanta wa maigida har sau biyu don kada a ce bai ji ba. Ya je ya kwaso fartanyarsa da tulun ruwansa daga gindin bishiyar gonar. An gama shara, an zuba taki, wanda za ku ba zai tarar da ita a gyare. Na cire ku daga layi, malamin makaranta ya hau gurbinku, yana ta godiya.

Taku,
Auta

*

Zuwa ga Baffa Akawu,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da Inna da yara. Shirun ya yi yawa. Na gwada wayarku daga kan tudu inda ake samun layin waya, kullum a kashe. Mu dai lafiya, sai gajiya.

Ruwa ya sauka, Baffa, ruwa na gaske. Ƙasa ta sha ta ƙoshi. Tun duhun asuba maigida ke fita da shanu, ba ya dawowa sai ya kasa ɗaga hannu. Mutane har daga ƙauyen gaba suke zuwa neman huɗa, wasu muna ba su haƙuri. Kowa ya shuka ko yana shukawa.

Gonarku ce kaɗai ban ga kowa a cikinta ba. Kullum ta nan nake bi in kai wa maigida abinci, ina duba ko mai ladabin ya iso. Da na ga shiru sai na bi gidajen waɗanda na san suna noman kaso a da, ko ɗayansu ne kuka ba ya yi nauyin jiki. Na farko yana kan keke yana kai ƙwan matarsa kasuwa, ko tsayawa bai yi sosai ba. Na biyu ya buɗe teburin sayar da gishiri da sabulu a bakin hanya. Na uku ya yi dariya ya ce shi bana gonarsa kaɗai zai noma, ya gaji da kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ba wanda ya ce kun yi masa magana.

Kun hana mu taka ta, kuma ba mu taka ba. Amma takin da aka zuba ba ya tambayar wa zai ci shi, ciyawa ta fara samun rabonta. In kun sauya shawara, kalma ɗaya ta isa. Ku ce a huɗa, ni kuma in san yadda zan roƙi abokan haɗina su matsa muku wuri. Ku ba direba amsa a wannan zuwan, don rafi ya fara kawowa, ba kullum mota ke iya ƙetarewa ba.

Taku,
Auta

*

Auta,

Muna nan ƙalau. Wayata tana wurin mai gyara, ba kuma don ke zan yi gaggawar karɓo ta ba.

Wasiƙunki biyu sun same ni tuntuni. Na danne su da kofin shayi na bar su, don ku ɗan ji a jikinku. Da na tashi amsawa kuma aka ce motar kasuwa ta maƙale a rafi, sai na ce madalla, ƙarin horo ne.

Na karanta ta biyun da kyau, na kuma gane abin da ke ƙarƙashinta. Roƙo ne kika naɗe cikin tabarmar wayo. Kin zaga gari kina tambayar wa aka ba gona, don hankalinki ya tashi. Kin ga kaso zai kuɓuce, bijimi kuma ba ya haihuwar gero. Da kin fito fili kin ce Baffa mun tuba, da ya fi miki sauƙi da wannan dogon labarin na mai ƙwai da mai sabulu.

Batun wai ba a shuka ba kuwa, ki tsorata wani ba ni ba. Wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi. Na san mijinki kamar yunwar cikina. Mutumin da ya yi shekaru yana durƙusa wa gonar nan ba zai iya wuce ta da damina ya gan ta a kwance ba. Kun shuka kun yi shiru, kuna jira in sauko in lallashe ku. Ɗan ƙauye ko an yi masa wanka da kuɗi ba ya barin gonar babba ta kwana.

To shi ke nan, na yafe. Ba don halinku ba, don darajar mahaifinki. Ku ci gaba da aiki yadda aka saba, a yi noman fari da kyau, kuma bana ban yarda da tsakuwa ba.

Af, na tuna. In akwai ragowar tsohon gero a rumbunku, ko rabin buhu ne, ki ba direba. Innarku ce ke kiwon 'yan kaji a bayan ɗaki, su ne ke buƙata.

Baffanki,
Akawu

*

Zuwa ga Baffa Akawu,

Ina gaisuwa. Lafiyarmu ƙalau, bijimi ma bai mutu ba, ɓarayi ba su zo ba, masu farar mota ba su dawo yi mana aski ba. Wata mata daga cikinsu ce kawai ta leƙo ta tambayi yadda muke, ta sha ruwa ta tafi.

Yafiyarku ta iso, amma ta tarar da geron mutane ya kai gwiwa. Ban san yadda zan rubuta muku gaskiya ku yarda ba, tunda duk abin da ya fito daga ƙauye a wurinku ko roƙo ne ko ƙarya. Ba a shuka gonarku ba. Ko ƙwaya ɗaya. Ciyawa ce a cikinta har ƙugu, ta ci takin maigida ta yi ƙiba, yara suna kama fara a ciki. Ku tambayi direba, ta gefenta yake wucewa.

Kun ce maigida ba zai iya ganinta a kwance ba. Gaskiya ne ya ji ciwo. Ranar da ruwan shuka ya sauka ya tsaya a bakin iyaka da shanu a hannu, ya daɗe yana kallo. Ni na ce masa ya wuce. Na ce mai gona ya hana, da hannunsa ya rubuta, kuma takarda shaida ce. A da can da mun shuka ɗin, mun yi shiru, mun jira a yafe mana laifin da ba mu yi ba, domin in ba kasonku ba mu da abin kaiwa bakin yara. Ba ladabi ba ne ya sa muke durƙusawa, Baffa, yunwa ce. Ku ne kuka kasa bambance su.

Tunda abin ya kai nan, bari in faɗi wanda na daɗe ina haɗiyewa. Direban nan shi ke sauke buhu har cikin ɗakinku. Ɗaki ɗaya ne, da labule a tsakiya. Ya ce sau da yawa yakan tarar Inna ta ɗora tukunya ruwa na tafasa, sai ya kwance bakin buhu sannan a samu abin zubawa. Bai taɓa ganin kaza ba, bayan ɗakin ma kwata ce. Benen da kuke hawa kuma da tiren shayi da takardun wasu kuke hawansa. Duk ƙauyen nan an sani tun shekarun baya. Muna ce muku Akawu ne don kara, kuma aikin masinja ba abin kunya ba ne, da shi da noma duk neman halal ne. Abin kunya shi ne mutum ya ci daga hannu yana zagin hannun. Na raina wannan hali, ba zan ɓoye muku ba. Inna da yaran nake tausayi, don girman kai rawanin tsiya ne, kuma ba a kan mai shi kaɗai yake nauyi ba.

Yanzu ga inda ake. Gero ya wuce sai baɗi. Wake ne kaɗai zai iya kamawa, shi ma in an sa shi kafin wannan watan ya ƙare. Garma ba ta shiga wannan ciyawa sai an sare ta da hannu an kwashe. Maigida ba shi da hannun, mun karɓi aikin mutane har ƙarshen damina, kuma ba zan ci amanar matar maƙeri da matar wanzami ba don gyara abin da kofin shayi ya ɓata. Na nemi ɗan ƙodago ban samu ba, kowa yana kan nasa. Iri zan ba ku, mai saurin nuna. In an sare ciyawar zan roƙa muku safiya ɗaya ta shanu. Mai sarewar ne babu, sai mai gonar.

Ga buhu guda nan wurin direba. A gaida kajin.

Taku,
Auta

*

Auta,

Buhu ya iso. Innarku na gaisuwa. Ban nuna mata wasiƙarki ba, kuma rashin kunyar da ke ciki na bar ki da Allah.

Na ɗauki hutu a ofis. Zan biyo motar kasuwa mai zuwa don in duba da idona irin ɓarnar da kuka yi mini. Na gaya wa direba ya sauke ni a bakin rafi, ba sai na shiga gari ba, ba ni da lokacin gaishe-gaishe. Daga nan zan yanka ta bayan gonaki.

Ki ajiye mini adda da fartanya a gindin bishiyar, da irin, da ruwan sha. Fartanyar a zaɓo marar nauyi. Ba sai matar wanzami ta ji ba.

Ki kuma tambayar mini mijinki ƙwayar wake nawa ake zubawa a rami ɗaya. Kada ki ce ni na tambaya.

Baffanki